Yaya, ga abin da na gani a kasuwar kayan ado ta Atina

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da yara da Mama. Kin ce in duba wa 'yarmu kayan jere irin na nan Atina, babban birnin Girka. Na duba har ƙafafuna suka yi tsami.

Su nan ba kwalla da samira suke jerawa ba. Tsohuwar da nake yi wa aiki, kabad ɗinta cike yake da tuluna ja da baƙi, kowanne ɗauke da zanen tatsuniyoyinsu na dā. Akwai wanda nake gogewa kullum: jarumai biyu, Akilis da Ajas, sun ajiye garkuwa, mashi a hannu, sun sunkuya kan allon wasa, sai ki ce tsofaffin ƙofar gidanmu a bakin dara. Na asalin, wani magini mai suna Eksekiyas ne ya yi shi fiye da shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, yana gidan tarihin Fadar Paparoma. Nata kwaikwayo ne. Dokar ƙasar ta hana fita da kayan tarihi na gaske, don haka abin da ke cikin shaguna duk kwaikwayo ne, mai gaskiya ma yakan rubuta hakan a gindin tulun.

Kwaikwayon ma hawa-hawa ne. A unguwar Filaka, ƙarƙashin dutsen Akrofolis, shago na bin shago. Mai araha inji ne ya buga zanen, sumul kamar leda. Wanda aka zana da hannu kuwa, in kin shafa za ki ji tudun fenti a yatsa, kuɗinsa kuma ya ninka sau da yawa. A shagon gidan tarihin Akrofolis, wanda aka buɗe a 2009, ba a ciniki sam; abin da ke jikin takarda shi za ki biya. Sai a kasuwar Monastiraki ranar Lahadi na ɗan taya, mutumin ya rage kaɗan yana ɓata rai. Na tuna 'yan Kasuwar Kurmi da "albarka" ɗinsu cikin dariya.

Wajen naɗe kaya dai sun fi mu, ko ƙwai ne zai isa lafiya, ga rasit ba sai kin tambaya ba. Amma aikin hannu tsada! Na kai wani hoton jirgin ruwan Odisiyas, wani jarumin tatsuniyoyinsu, a sa masa firam, aka ce in dawo bayan kwana goma, kuɗin aikin ya fi na hoton. A gida da kafinta ya gama kafin la'asar.

Mutum-mutumin nan farare na Zus da Afrodit, kada ma ki sa rai. Gumakansu ne na dā, yawanci kuma tsirara. Ni ko a aiki kawar da kai nake yi. Haka mujiya: su alamar hikima ce, tsuntsuwar Atina, har a jikin kwandalar yuro ɗaya tasu take. Ki ce amarya ta shiga ɗaki ta yi ido huɗu da mujiya, ai dangin ango sun samu abin faɗa.

Farantai shida na saya, na ratayewa a bango, masu zanen reshen zaitun da wani layi mai lanƙwasa a baki, kamar aikin wuyan babbar riga. Zan ba mai zuwa ƙarshen wata. Ki sa a buga ƙusoshi masu ƙarfi, suna da nauyi.