Bokiti mai nipul: ya yi wa kaji, amma agwagwa sai da ƙari

Duk mai kiwon kaji da agwagi a tsakar gida ɗaya ya san halin mazubin ruwan nan na roba, mai farin kai da jan gindi. A cika shi da safe, kafin hantsi ya zama kunun dusa da kashi. Wannan ya sa na koma bokiti mai nipul, wato ƴan kawunan nan na jar roba masu tsinken ƙarfe da kaza ke tsattsaga ruwa ya ɗigo. Ana samun su a shagunan kayan kaji na Kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma haɗa su bai buƙatar mai gyara.

A nemi bokitin lita 20 mai murfi, wanda haske ba ya ratsawa. Farin bokiti mai shara-shara gansakuka yake yi da wuri a ranar Kano. A huda gindinsa da rami mai faɗin kimanin milimita 9, a naɗa wa zaren nipul farin tef ɗin masu aikin famfo, a murɗa da hannu. In aka matse da filaya, robar bokitin tsagewa take yi. Nipul ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Murfin kuma lalle a yi masa ƴar huda. Idan iska ba ta shiga, ruwa ba ya sauka, kaji su yi ta tsattsagar ƙarfe a banza alhali bokiti na cike. A rataye shi a inuwa, daidai inda kaza za ta ɗan miƙa wuya.

Wajen tsabta ba ni da abin cewa. Kashi ba ya shiga, ƙurar hunturu ba ta shiga, ƙasan akurki kuma yana zama a bushe, wanda ke rage kashin jini da damshi ke hura wa wuta. Kaza mai ƙwai tana shan kusan rubu'in lita a rana, a bazara har ta ninka, don haka bokiti ɗaya yana ɗaukar kaji 10 kwanaki. Duk da haka kada ruwa ya wuce kwana biyu. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kullum a canja, a kuma naɗa wa bokitin jiƙaƙƙen buhun algarara, don kaza ba ta son ruwan ɗumi. Ba kuma lokacin koya musu shan ruwa daga nipul ba ne. A fara sa'ad da gari ya yi sanyi: a ɗauke tsohon mazubi da safe, a taɓa tsinken su ga ɗigo, ɗaya ta gane sauran su bi.

Babban aibinsa yoyo. Ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a ciki, nipul ya yi ta ɗiga har bokiti ya ƙare cikin dare. Ruwan ƴan ga-ruwa da na rijiya sai an bar shi ya kwanta, an tace da ƙyalle. Bitamin da gulukos su ma suna barin yauƙi da ke toshe shi, gara a ba da su a mazubi na dabam. Duk mako a goge cikin bokitin da soso da sabulu, a ɗauraye sosai. Idan ana shakkar ruwan, mililita 2 na bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, marar turare, ya ishi jarkar lita 25. A auna da sirinji, a jira minti 30. Amma a dakatar da bilic ɗin kwana biyu kafin a ba kaji riga-kafi ta ruwa, irin su Lasota (na cutar Newcastle) ko na cutar Gumboro, domin yana kashe riga-kafin.

Agwagwa tana iya sha daga nipul, sai dai bai wadatar da ita ba. Tana buƙatar ta tsoma baki har hanci da ido don ta wanke dusar da ta maƙale, in ba haka ba hancin ya toshe, ido ya fara kwantsa. Masu sayarwa ba kasafai suke faɗar wannan ba. Abin da ya yi aiki shi ne jarkar lita 25 a tsaye, a yanke mata taga a gefe daidai shigar kai, santimita 12 zuwa 15 daga ƙasa, a goge bakin yankan kada ya yanke wuya. Kai ya shiga, jiki ba ya shiga. A ɗora ta kan tsakuwa, nesa da abinci da taku uku ko huɗu, a zubar da ruwan safe da yamma. Ƴaƴan agwagi kuwa ruwa marar zurfi za a ba su, da ƴan duwatsu a ciki, don suna iya faɗawa jarka su kasa fita.

Mai kaji zalla ya saya, ya ƙara nipul biyu na ajiya, don ba duka ke zuwa lafiya ba. Mai agwagi ya haɗa da jarka.