Gargaɗi: Mai Tallar Ƙullutun Yazawa da Mangwaro Ya Cinye Mini Naira 340,000

Wannan gargaɗi ne ga masassaƙa, musamman 'yan'uwana masu aiki da injin juya itace, da duk wanda yake neman ƙullutun bishiya domin ya fitar da akushi ko kwano ko carbi daga cikinsa. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook, yana cewa a yankin Anyigba na Jihar Kogi yake zaune, kuma wai yana bin gonakin yazawa da na mangwaro yana tattara ƙullutai bayan manoma sun gama ɗibar 'ya'ya sun datse rassa. Mutumin nan ɗan damfara ne. Ya karɓi naira 340,000 daga hannuna, ya aiko mini da ɗanyen itacen girki a cikin buhuna zuwa Kaduna, sannan ya toshe lambata. Ban rubuta sunan da yake amfani da shi ba saboda ina da yaƙinin na aro ne, kuma ba na son in jawo wa wani bawan Allah mai irin sunan zagi a banza. Amma hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna hannuna, kuma zan saka su kowa ya gani.

Tun da na fara ba da labarin nan, tambayar da ake fara jefo mini ita ce wane irin itace ne za a biya wa naira 340,000. Wanda ba ya sana'ar ba zai gane ba. Ƙullutu shi ne kumburin nan da ke fitowa a jikin bishiya ko a gindinta, galibi inda ta taɓa samun rauni na sara ko wuta ko wata cuta. A wurin, maimakon jijiyar itacen ta tafi a miƙe, sai ɗimbin ƙananan tsiro da ba su samu zama reshe ba su cunkushe wuri guda, itacen ya yi ta nannaɗe kansa shekara da shekaru. Idan ka ɗora shi a inji ka fafe shi, ka goge da samfefa, ka shafa masa kakin zuma, sai zane ya fito kamar na lalle a tafin hannun amarya, kuma ba za ka taɓa samun guda biyu iri ɗaya ba. Kwano ɗaya na ƙullutu mai kyau yana kawo kuɗin kwanuka da yawa na itace miƙaƙƙe. A nan Arewa samunsa ya yi wuya, domin mai sarar itace ba ya ware shi. Da shi da sauran gungumen duk ramin gawayi suke tafiya. Saboda haka idan wani ya ce maka yana da busassun guda arba'in a ajiye, dole ne ka tsaya ka saurare shi.

Kuma ban saurare shi da ka kawai ba. Wannan nake so masu cewa kwaɗayi ne ya kai ni su ji da kyau. Na fara sayen guda biyu a matsayin gwaji a kan naira 18,000, suka iso lafiya, kuma ƙullutun mangwaro ne na gaske, busasshe, an toshe fuskar yankan da kyandir kamar yadda masu sani suke yi don kada ya tsage. Ɗaya daga cikinsu na juya shi ya zama kwanon da har yanzu yake kan teburina. Wannan naira 18,000 ba ta cikin lissafin naira 340,000, domin na karɓi kayan da suka kai kuɗinsu. Bayan haka na nemi mu yi kiran bidiyo, bai yi gardama ba. Ya tsaya a ƙarƙashin bishiyoyin yazawa, ya ɗauko wani babban ƙullutu, ya ɓare ɓawon da wuƙa ya nuna mini ƙananan ƙayoyin nan da ke tsaye a ƙarƙashinsa, waɗanda su ne shaidar ƙullutun gaskiya, sannan ya zuba ruwa a fuskar yankan ya juya ta wajen rana har zanen ya fito. Ya ce da ni, "Maigida, ka ga wannan? A nan wuta ake hurawa da shi. Wallahi zafin ganin ana ƙona shi ne ya sa na nemi ku masu sana'a." Daga nan ya ce in yi masa uzuri lokacin la'asar ya yi, zai yi salla ya dawo. Kuma ya dawo ɗin.

Wannan maganar ita ce take hana ni barci. "A nan wuta ake hurawa da shi." Abin da ni kaina nake faɗa wa yarana a wurin aiki ke nan duk lokacin da na ga motar gawayi ta wuce. Ya san inda zuciyar masassaƙi take, ya je ya taɓa wurin.

Muka daidaita a kan guda arba'in, kowanne naira 5,000, wato naira 200,000. Na tura. A'a, kafin in tura sai da muka yi maganar asusu, domin sunan da ya fito ba irin na lokacin gwajin ba ne. Na tsaya na tambaye shi, ya ce asusunsa na matakin farko ne, ba ya karɓar fiye da naira 50,000 a tura ɗaya, don haka na ƙanin matarsa ne mai POS a kasuwa. Irin wannan iyaka kuwa tana nan a tsarin bankunan ƙasar nan, kowa ya sani, kuma mutane da yawa a ƙauye ta hannun mai POS suke karɓar kuɗi. Na kuma yi masa tambayar da duk mai hankali zai yi: ta yaya datse rassa zai ba da manyan ƙullutai har arba'in, alhali manyan a jikin gungume ko a gindi suke fitowa, ba a reshe ba? Ya amsa cewa ba daga gona ɗaya ba ne, kuma wasu manoman suna sare tsofaffin bishiyoyin da suka daina ba da 'ya'ya ko suka yi cunkoso domin su dasa sababbi. Wannan ma gaskiya ne a harkar yazawa. Kowace tambaya na yi, amsar da ya ba ni tana da tushe. Ku faɗa mini inda na yi sakaci.

Sai kuɗin mota, naira 85,000, wai saboda nauyin kayan da nisan hanya, daga Anyigba a haye gadar Itobe, a bi ta Lokoja da Abaji da Zuba kafin a kama hanyar Kaduna. Wanda ya san tsadar mai a yanzu ba zai ce kuɗin sun wuce kima ba. Na tura. Naira 285,000 ke nan. Bayan wasu kwanaki ya aiko mini saƙon murya da sassafe muryarsa tana rawa, wai ma'aikatan gandun daji sun tare motar bayan Lokoja, sun ce kayan madobiya ce, kuma sai an biya naira 55,000 za a sake ta, in ba haka ba a sauke komai. Duk wanda ke harkar katako ya san labarin madobiya, yadda aka yi ta sare ta a Kogi da Taraba ana kai wa Sin har aka sanya ta cikin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2016. Don haka labarin bai yi kama da ƙarya ba, kuma ga naira 285,000 tawa a kan hanya. Na tura naira 55,000. Daga baya direban da ya kawo buhunan ya rantse mini cewa babu wanda ya tare shi, kuma abin da aka biya shi bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na naira 85,000 ba. Direban ba shi da laifi. Kaya aka ba shi a tasha ya kawo.

Naira 200,000, da naira 85,000, da naira 55,000. Naira 340,000.

Abin da muka zazzage daga buhunan shi ne: mararrabar rassan mangwaro, wato inda reshe ya rabu biyu, da wuraren da ɓawo ya rufe tsohon sara, waɗanda daga waje suke kama da ƙullutu amma cikinsu rami ne ruɓaɓɓe, da kumburin da kauci ke bari a jikin reshe, da guntayen yazawa ɗanyu sharaf, ƙaro yana fita daga jikinsu. Ruwan yazawa yana ƙona fata, kuma yaron da ya taya ni kwashewa sai da hannayensa suka yi ƙuraje. Da yawa daga cikin guntayen ƙwari sun huda su, gari yana zuba. Mai tallar ya ce mini kayan sun shekara biyu a inuwa, amma na'urar auna danshi ta nuna sama da kashi 30 cikin 100, alhali itacen da za a gama aiki da shi ana son ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12. Masu sana'a suna ƙiyasta kusan shekara guda ga kowane inci na kauri kafin itace ya bushe da kansa, kuma ɗanyen itace irin wannan, idan iskar hunturu ta same shi a Kaduna, tsagewa zai yi ta kowace fuska. Mafi muni, a cikin guda ɗaya mun sami tsohuwar wayar shinge da itacen ya haɗiye. Da na ɗora shi a inji yana juyawa da gudu ƙarfen sassaƙa ya ci karo da ita, da ba maganar kuɗi muke yi yanzu ba.

Na tsallake zancen hotuna. Tun farko, kafin gwajin ma, abin da ya fara tsayar da ni a shafinsa wasu hotuna ne na faffaɗan yanka masu launin ƙasa-ƙasa da ratsin baƙi, ya ce tsohuwar yazawa ce. Ranar da buhunan suka iso, ko kuwa washegari, bayan ya daina ɗaukar waya, ɗana ya saka hotunan a manhajar binciken hoto ta Google, sai ga su a shafin wasu masu sayar da itacen zaitun a Tunisiya, inda aka daɗe ana sassaƙa kwanuka da cokula daga tsofaffin bishiyoyin zaitun. Satar su ya yi. Wani zai ce ai masassaƙi ya kamata ya bambance zaitun da yazawa, amma a ƙaramin hoto na waya, kuma bayan an aiko maka da na gaske ka riƙe a hannunka ka juya shi a injinka, wa zai koma yana tuhumar hoto? Ni da idona na ga ya zuba ruwa a kan ƙullutun nan. Na ga ƙayoyin. Ina zaton guda uku ko huɗu na kirki gare shi a duniya, biyu ya aiko mini, babban kuma shi ne yake nuna wa kowa.

Yanzu na fahimci dalilin da ya sa ya wahalar da kansa ya cika buhuna maimakon ya gudu da kuɗin kai tsaye, kuma wannan shi ne makircin da nake so kowa ya gane. Saƙon murya na ƙarshe da ya aiko kafin ya toshe ni cewa ya yi, "Maigida, ai na aiko maka da kaya, in ba su yi maka ba wannan ba laifina ba ne, haka itace yake." Idan ka kai ƙara ka ce an cuce ka, za a tambaye ka ko kaya sun zo, kai kuma dole ka ce sun zo, sai maganar ta fara kama da saɓanin ciniki tsakanin mai saye da mai sayarwa, alhali zamba ce tsararriya tun daga hoton farko. Shi ya sa ban zubar da ko guntu ɗaya ba. Na kai koke banki, na kai rahoto wurin 'yan sanda, na haɗa da hotunan zaitun ɗin da saƙon da ya ƙirƙiro labarin tare mota, domin waɗannan biyun su ne suke nuna niyya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba duka kuɗin ne nawa ba. Naira 150,000 daga ciki kafin alƙalami ne da wata baiwar Allah ta ba ni domin in yi mata akusa na kayan ɗakin 'yarta. Sai da na je har gida na zauna a gaban maigidanta na ce, "Alhaji, kuɗin Hajiya sun faɗa hannun macuci, amma bashi ne a wuyana, zan biya." Mutanen kirki ne, ba su ɗaga mini murya ba, kuma hakan bai rage mini nauyin abin ba ko kaɗan. Sunana da na daɗe ina tsarewa a sana'ar nan, wani ya sa na tsaya ina ba da haƙuri a kansa saboda naira 340,000 da ya ci yana kirana maigida, yana cewa bari ya yi salla ya dawo. Ban yafe ba, kuma Allah ya isa tsakanina da shi.

Kada ku biya kuɗin ƙullutu sai ku ko wakilinku ya gani ya ɗaga da hannunsa. Kayan gwaji ba shaida ba ne. Idan sunan asusu ya canza, ku tsaya. Idan aka ce an tare mota, ku nemi lambar direba. Shafin mutumin yana nan, kuma jiya na ga ya ƙara da tallar ƙullutun kaɗanya da tsamiya. Hotunan hirar da rasiɗan uku zan saka su a ƙasa da zarar na rufe lambobin da ke jiki, kuma duk wanda ya taɓa tura masa kuɗi ya yi mini magana ta akwatin saƙo domin mu haɗa ƙararmu wuri ɗaya.