Saitin badujalar makaranta mai araha: zai iya kai ka faretin 27 ga Mayu?

Daga Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu malamin kiɗa na sakandare a Zariya ba ya da lokacin kansa. Ga wasannin gidaje na zango na biyu, ga taron safe kullum, ga faretin ranar yara ta 27 ga Mayu, kuma a daidai lokacin ne 'yan aji shida, waɗanda su ne gwanayen ganga, suke zamewa saboda jarrabawar WAEC. A 'yan shekarun nan azumi ma yana faɗowa a wannan tsakanin, kuma busa da busasshen leɓe sai wanda ya gwada. A cikin wannan hada-hadar ne makarantu da dama suke rugawa Sabon Gari su sayo saitin nan da ake shigowa da shi daga Sin: babbar ganga ɗaya, ƙananan ganguna, faifan tagulla na gwarawa, begila, wani lokaci da ƙaho mai fistan uku, wato maɓallan da ake dannawa da yatsa don sauya murya. Shi muka duba, kaya bayan kaya.

Ƙaramar gangar inci 14 ce, fuskarta ta roba, kuma wannan shi ne abin yabo na farko. Fatar akuya takan ɗame ta yi zaƙi da zafin bazara, amma ruwan farko na sauka sai ta saki, muryarta ta koma kamar ana dukan katifa, ga shi kuwa ranar fareti cikin farkon damina take. Roba ba ruwanta da laima. Matsalar tana wajen kusoshin ɗauri. Shida ne kawai a kowace fuska, alhali ganga mai kyau takan zo da takwas ko goma, sannan zoben bakin siriri ne. Idan yaro ya kama makulli ya ɗaure kusa ɗaya har ƙarshe kafin ya taɓa sauran, zoben zai karkace, kuma ba ya komawa daidai. Ƙa'idar ita ce a fara ɗaure su duka da yatsa, sannan a bi su da makulli rabin juyi rabin juyi, daga wannan kusa a tsallaka zuwa wadda ke fuskantarta. A riƙa ƙwanƙwasa fuskar kusa da kowace kusa har muryoyin su zo ɗaya. Wayoyin da ke ƙarƙashi, masu ba ta wannan ƙarar ta tsatsa, da igiya maras ƙwari aka ɗaure su. A sauya ta tun ranar farko.

Maɗaurin kafaɗa kuwa ba ya da wani amfani. Siririn bel ne da ke cin kafaɗar yaro kafin a zagaya fili sau biyu. A kai wa baduku ya ɗinka mai faɗin yatsu huɗu da fata, ya sa soso a ciki. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri, domin yaron da kafaɗa ke wa zogi ba ya riƙe taku 120 a minti, sai ya ja kowa baya.

Babbar gangar ba laifi. Gulmar dukanta ce kanta ke fita. A sa gam, a ajiye ta biyu a jaka. Faifan tagullar sirara ne, sukan tsage idan ana haɗa su gaba da gaba, don haka a koya wa yaro ya riƙa gogar da ɗaya a kan ɗaya a karkace.

Inda ake yawan tafka asara shi ne kayan busa. Begila ba ta da fistan, muryoyi biyar ne kacal ɗalibi zai iya fitarwa da ita. Ta isa kiran taro da ɗaga tuta, amma ba za ta busa taken ƙasa ba, na da ko wanda aka dawo da shi a Mayun 2024. Shugaban makarantar da ya sayo begila shida yana jiran ya ji take, ya sayi abin da ba shi yake nema ba. Ƙaho mai fistan ake buƙata, aƙalla biyu, uku ya fi, saboda idan numfashin ɗaya ya yanke sauran su rufa masa asiri.

Ƙahon da ke cikin saitin muryarsa ta wadatar a fili, sai dai fistocinsa ba su da santsin na ƙahon kamfanin Yamaha, kuma ƙurar Zariya ba ta raga musu. Za ka ga yaro ya danna na biyu, ya ɗaga yatsa, fistan ya tsaya a rabi yana tunanin dawowa. Zare shi ka goga a farin ƙyalle, za ka ga baƙin dauɗa gauraye da jan ƙasa. Maganinsa ɗigo uku na man fistan kafin kowane gwaji. Ban da man keken ɗinki, ban da baƙin mai, balle man gyaɗa, wanda ke daskarewa ya zama danƙo. Kowane fistan da lambarsa a jiki, 1, 2, 3. Idan aka musanya su, ko aka mayar da ɗaya bai zauna a gurbinsa ba, iska ba za ta wuce ba sam, sai a yi zaton ƙahon ya mutu. Kwalbar mai da ke zuwa cikin akwatin 'yar mitsitsiya ce, a sayi babba tun a shago.

Bakin busar mai lamba 7C ne, ya dace da mai koyo. Yara suna son buga shi da tafin hannu don su ji ya ce "fof", daga nan ya maƙale. Kada a sa filaya: bututun ne zai murɗe, likin ya ɓalle. Akwai ƙarfen zare shi na musamman wajen masu gyara. Sau ɗaya a wata a wanke ƙahon da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun ruwa, domin tafasasshe yana ɗaye fentin. Wanda ya sha rake ko lemo ya kurkure baki tukuna.

Kafin a biya kuɗi, Malam, ka je da mai busa ya gwada kowane ƙaho a shagon, ya ja bututun saita murya ya ga yana motsi, ya duba toshiyar ramin zubar da yawu ko tana yoyon iska. Kaya iri ɗaya ne a ido, amma a kwali guda sai ka sami mai kyau da gurgu. Ka nemi a ƙara maka fuskar ganga biyu, makulli biyu da sanduna ninkin yawan masu kiɗa. Kuma a saya a Janairu. Wanda ya bari sai mako biyu kafin fareti zai tarar an tsince masu kyau, yaran kuma leɓensu bai riga ya saba da bakin busar ba.