Yaya, kasuwar Pitoa ta fi tsakiyar garin nan rai

Assalamu alaikum Yaya, ina fatan kana lafiya, ya su Hajiya da yara, ya zafin Garwa. Ka ce in ba ka labarin shagunan Faransa tunda kana son faɗaɗa butik ɗinka, to ga shi, amma ka cire Paris a ranka, ni ƙaramin gari nake, mutanensa ba su kai dubu goma ba.

Ranar da na fara zagaya tsakiyar garin wallahi na ɗauka rasuwa aka yi. Babban layin da ya taso daga coci zuwa meri, wato ofishin magajin gari, na ƙirga shaguna tara a rufe, an manna takardar haya a gilashi har rana ta cinye rubutun, wani ma hoton kantin cuku aka liƙa masa ƙato dan kar a ga kango, ni kuwa baƙauye na je ina tura ƙofa. Waɗanda suka rage su ne farmasi, mai burodi, mai aski, banki biyu da wani ɗan Turkiyya mai kebab. Su ma 12 na rana na yi sai su kulle sai ƙarfe 2, Litinin da yawa ba sa buɗewa, Lahadi kuwa kare ma ba ka gani.

Ba wai mutanen ba su da kuɗi ba ne, mota ce ta kwashe su. Can bakin gari aka jera manyan kantuna irin su Leclerc da Lidl da Intermarché, filin ajiye mota kyauta kamar filin idi, mutum ya cika but sau ɗaya a sati shikenan, abin da ya rage ya danna a Amazon a kawo masa har ƙofa. Gaskiya kayan suna da kyau Yaya, ba zan ɓoye ba. Farashi a rubuce, ba "nawa za ka rage min", ka sayi firiji garanti shekara 2 doka ce, wanda ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka mayar ba wanda zai tambaye ka dalili. Wuta ba ta ɗaukewa balle kifi ya lalace. Amma ka yi shekara kana shiga kanti ɗaya ba wanda ya san sunanka, wani wajen ma inji ne ke karɓar kuɗin, ka gaza da santim 20 sai ka ajiye kayan.

Abin da ya fi ba ni haushi zip ɗin rigar sanyina. Ya lalace a Janairu, na zaga garin kaf babu tela, sai a gari na gaba, minti 25 a bas, matar ta ce euro 30 kuma in dawo bayan sati biyu. Euro ɗaya sefa 656 ne, ka lissafa, kusan dubu 20 kenan a zip! Ai a kasuwar Garwa kafin ka gama shan shayi an ɗinke maka. Daga baya na ji tun ƙarshen 2023 akwai wani rangwame da suka fito da shi na gyaran tufafi da takalmi, euro 6 zuwa 25, wai dan mutane su daina zubarwa, amma sai telan da aka yi wa rajista.

Gwamnatinsu ma ta farga. A 2018 suka fara wani shiri na farfaɗo da tsakiyar garuruwa, Action Cœur de Ville, garuruwa 222, euro biliyan 5, sama da biliyan 3000 na sefa fa, sai a 2020 suka ƙara wani na garuruwan da ba su kai mutum dubu 20 ba, Petites villes de demain, kusan gari 1600. A nan abin da na gani da idona, meri ta karɓi shago biyu tana bayarwa haya da araha a gwada sana'a na 'yan watanni, an gyara benayen da ke saman shagunan dan mutane su dawo su zauna, an sa fitilu da kujeru. Wata mai sayar da littattafai ta riƙe, mai sabulun ƙamshi wata shida ya tattara.

Asabar da safe kaɗai garin ke farfaɗowa, ranar kasuwa, manoma su kawo kaji da zuma da kabeji, tsofaffi su tsaya suna surutu da kwando a hannu, kafin ƙarfe 1 an share wajen tas. Sai in tuna kasuwar Lahadi ta Pitoa kusa da Garwa, ƙura da shanu da 'yan klando masu acaba da masu soya har magariba, ba wanda ya kashe biliyan ya kira su.

Dan haka maganar da ka yi ta komawa bakin hanyar fita gari saboda haya ta fi sauƙi, ni dai ban goyi baya ba. Masu klando ba za su bi ka can ba, matan unguwa da kake rubuta wa bashi a littafi ma haka. Ka sa Orange Money da MoMo, ka rubuta farashi a jikin kaya, kuɗin firiji kuma ka jira in turo a ƙarshen wata. In wani zai taho a haɗo min da wandona biyu da ke wajen tela da garin kuka, kilishi kar a sa, kwastan na ƙwacewa.