Jar Rigar Zari-Ruga Ta Wales Da Na Saya A Bauchi

A wani shagon gwanjo da ke kasuwar Wunti na ci karo da wannan riga, ja wur, mai farar kwala da tambarin gashin jimina guda uku a ƙirji, irin wadda 'yan wasan zari-ruga na Wales suka riƙa sawa a shekarun 1970. Mai shagon ya ɗauka ta ƙwallon ƙafa ce, ni kuwa ban tsaya gardama da shi ba.

Darajarta a wurina tana cikin tarihin da take tunatarwa, domin a wancan zamani Wales ta doke Ingila da Sikotlan da Ayalan da Faransa gaba ɗaya a kaka guda har sau uku, wato a 1971 da 1976 da 1978. Daga 1967 zuwa 1978 ne Gareth Edwards ya buga wa ƙasarsa wasa 53 a jere, tare da gwanaye irin su Barry John da Phil Bennett da JPR Williams, wanda likita ne, filin wasansu na Arms Park da ke Kadif, babban birnin Wales, kuwa ya zame wa baƙi abin tsoro.

Rigar kwaikwayo ce, ba ta ainihin zamanin ba, amma audugarta mai kauri ce, ɗinkinta kuma ya zauna daram. Na wanke ta sau huɗu ba ta zuba ba. Aibinta ɗaya shi ne nauyi, wanda ya sa ba ta sawuwa a zafin watan Afrilu, sai dai a ajiye ta har hunturu ya kama.