Dogon bututu ko na asali? Amsa ga Alhajin Tawa

Alhaji, ka ce kana da tsohuwar Browning Hi-Power mai cin harsashi 9 mm, da permi ɗinta, kana neman bututu, wato kano, wanda ya fi nata tsawo don harbinka ya riƙa taruwa wuri ɗaya. Bari in jera maka su biyu, dogon da mai tsawon asali.

Kamfanin FN na Herstal, a Beljiyam, ya fito da bindigar nan a 1935, bututunta milimita 118. Dogon da kake ji ana faɗa shi ne mai kusan milimita 150, irin na samfurin gasar harbi. Bambancin santimita uku ne da ɗan kai. Abin da zai ƙara maka shi ne ɗan gudun harsashi, domin albarushi ya sami wurin ƙonewa, sai kuma ɗan nauyi a gaba da ke rage tsallen baki. Saiti fa? Nan ne mutane ke ruɗuwa. Idon saiti na gaba da na baya duka suna bisa murfin sama mai ja da baya, ba bisa bututu ba. In ka sa dogo, zai leƙo waje ne kawai, tazarar idanun biyu tana nan yadda take. A samfurin gasa sai da aka ɗaura ma bakin wani ƙarfe mai nauyi, aka mayar da idon gaba can, sannan tsawon ya yi amfani. Ga kube kuma, bakin zai tsiro ta ƙasa, ya yi ta kwasar ƙurar hunturu.

Mai tsawon asali ba ya da wannan wahala. Ya fi sauƙin samuwa, ko da yake FN ta daina ƙera tsohon samfurin wajen 2018. Kamfanoni irin su Bar-Sto na Amurka suna yin bututun Hi-Power. Amma ko shi ba a cusa shi haka nan. Akwai wanda ake cewa sa-ka-tafi, yana shiga ba gyara amma da ɗan sako-sako, akwai wanda ake barin ƙarfensa da ɗan kauri don gwanin gyaran makamai ya goge shi har ya zauna daram. Na biyun shi ne ke tara harbi. Ka kuma duba shekarar taka, don a 1962 an canza ƙugiyar da ke fizgo kwanso daga ciki zuwa waje, kuma ba kowane bututu ke dacewa da duka biyun ba.

Kafin ka kashe ko dala, ka cire gidan harsashi, ka tabbatar ba kome a ciki, ka kwance ta, ka ɗaga bututun wajen hasken rana. In zanen da ke murɗe a ciki yana da kaifi, ba ramukan tsatsa, to da sauransa. Mayar da shi, ka rufe, ka danna bayansa da babban yatsa. In ya motsa, ga ciwon nan, kuma tsawo ba ya maganinsa. Sau da yawa ma sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da murfin, shi ne ya gaji.

Abu ɗaya nake roƙonka saboda Allah: kar ka yarda mai walda ko mai tur, wato injin fiƙe ƙarfe, ya yi maka ƙari. Na ga wadda aka yi wa haka nan Yamai, mahaɗin ya tsage kamar busasshen kara, mai ita da ƙyar ya tsira da yatsunsa.

Sai maganar hukuma. Bututu ba kamar kube ba ne, jigon bindiga ne, kuma izinin da Ma'aikatar Cikin Gida ta ba ka na bindigar ne yadda aka rubuta ta. Dogo ko gajere, ka fara zuwa wajen 'yan sanda da takardunka, ka nemi izini a rubuce, ka bi ta dillalin da hukuma ta yarda da shi. A halin tsaron da ƙasa ke ciki, kar ka sa wani ɗan uwa ya saƙo maka shi cikin jaka daga waje, za ka jefa shi ne cikin masifa.

Da ni ne, Alhaji, mai milimita 118 zan nema, in kai wa gwani ya zaunar da shi, in canza sifirin gaba ɗaya.