Gargaɗi Kan Mai Sayar da Kayan Ɗumama Akwatin Maciji na Bogi

Ina jan hankalin masu ajiye maciji a gida a Gusau da kewaye game da wani mutum da ke tallar shimfiɗar ɗumama akwati a Facebook da WhatsApp, yana cewa tana zuwa da na'urar daidaita zafi. Yakan nemi kafin alƙalami, sannan ya turo kayan ta tashar mota, kuma ba ya yarda a haɗu da shi.

Ƙanena ya saya a hunturun da ya wuce saboda ƙaramar mesarsa, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Bayan kwana huɗu muka ga cikinta ya yi jajur, ɓawon ya fara tashi, likitan dabbobi kuma ya tabbatar mana cewa ƙuna ce. Da muka kai na'urar wurin mai gyaran rediyo ya kwance ta, ba mu tarar da komai ba sai wayoyi biyu a ƙulle da ɗan jan ƙwai mai kamawa, maɓallin da ake murzawa kuwa bai haɗu da komai ba. A bayan shimfiɗar an rubuta 110V, wato an yi ta ne don wutar Amurka, alhali tamu a Najeriya 230 ce.

Haɗarin ya fi yadda ake zato, domin maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa, kuma yakan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone bai motsa ba. Wannan mesa tana buƙatar ɓangare mai ɗumi na kimanin digiri 30 zuwa 32, da ɓangare mai sanyi na 24 zuwa 27 inda za ta koma, shi ya sa shimfiɗa ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku na ƙasan akwati. Na'urar gaske tana da 'yar waya mai jin zafi da ake ɗorawa a kan shimfiɗar, tana yanke wuta da kanta. Ta mutumin nan ba ta da wannan waya ko kaɗan.

Ya kuma ce wa ƙanena a bar ta a kunne duk shekara, wanda ni a ganina shi ne babban rashin imaninsa, domin a bazara zafin nan yakan haura digiri 40. Dararen Disamba da Janairu ne suka fi neman ɗumi.

Duk wanda ya riga ya saya, ya cire ta daga wuta yau. Kafin a sa dabba a kan kowace shimfiɗa, a kunna ta yini guda a akwatin da babu komai, ana duba ma'aunin zafi. Wanda ya tura kuɗi ya adana shaidar biya, ya sanar da bankinsa da 'yan sanda. Mutumin ya toshe lambar ƙanena ya sauya sunan shafinsa, amma hotunan kayan suna nan yadda suke.